Ruwan Shuka Ya Cinye Mini Shari'a

Tumaki biyu Inna ta sayar a kasuwar Bakori ta damƙa mini kuɗin motar Legas. Kai Sabi'u, ajiye wayar nan, da kai nake, mai ɗokin tafiya.

Shekara tara ina kan inji a wani kamfanin robobi. Duk wanda aka ɗauka ni ke koya masa aiki, wata shida sai in ji ya zama "sufabaiza", ni ko oho. Ran nan na tari manaja, wani mai tumbi da muke ce wa Oga.

"Oga, ni sai yaushe?"

"Aboki, mutanenku gadi suka iya. Ka gode da aka bar ka kana taɓa inji."

Na faɗa masa abin da ya zo bakina, washegari sai takardar sallama. Na ɗauki lauya, wata mace mai kaifin baki, muka kai ƙara kotun ma'aikata. Har na fara ba da shaida aka ɗage zama. Sai ƙanena ya kira, wai an yi ruwan shuka a Kafur. To wane ɗan ci-rani ne zai ji haka ya zauna? Na hau mota, ko lauyar ban yi wa sallama ba. Ni a zatona irin zaman ƙofar mai unguwa ne, in ba ka nan a jira ka. Zama uku ana kiran sunana, ina can bayan shanun huɗa, waya ba sabis. Alƙali ya kori ƙarar.

Bayan kaka na koma. Wata sakatariya da ita ma Oga ya sallama ta miƙo mini takarda da sa hannunsa ɓaro-ɓaro: kada a ƙara wa ɗan Arewa matsayi. Na kai wa lauya. Ta karanta, ta girgiza kai.

"Malam Iro, ka makara. Korar ƙararka aka yi, lokacin ɗaukaka ta ma ya wuce. Kai ne, su ne, maganar ɗaya ce. Kotu ba ta jin ta sau biyu."

"Ko da wannan takardar?"

"Ko da ita."

Har da kiran wani suna, wai "rasjudikata", kamar maganin feshin ciyawa. Na dawo gida da jakata da baƙin cikina. Wallahi na tsani Ogan nan, har gobe.

Bara wani direban tirela ya kawo mini saƙo a Funtuwa: Oga na kwance, ciwo ya ci ƙarfinsa, yana bin waɗanda ya zalunta su yafe masa. Na ce da direban, "Ka gaya masa na saurari ƙararsa, na kore ta. Kada ya sake shigarwa."