Injin Wankin Marigayiya Rabi

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, Allah ya taimaka. Sunana Malam Sani, daga Tudun Wada, Gusau.

Shekara ashirin matata Rabi tana wanki da tsohon injinmu mai ƙugi kamar babur, bai taɓa kai mu wurin mai gyara ba. Da ta rasu bara, duk lokacin da aka kunna shi sai in ji kamar tana tsakar gida. 'Yata ta ce, "Baba, injin nan yana tayar maka da hankali." Ta sayo sabo, na ba wani mai wanki a Bungudu tsohon kyauta.

Sabon bai yi wata huɗu ba wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone shi. Mai gyara ya ce ba ya gyaruwa.

Ranar Asabar na bi ta Bungudu, sai na jiyo ƙugin nan daga shagon mutumin. Na tsaya bakin hanya, har na buɗe baki zan kira ta. Tun ranar ƙarar ba ta bar kunnena ba.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. In roƙe shi ya mayar mini? Da shi yake ciyar da iyalinsa yanzu.