Kujerar Mutum Biyu a Jirgin Finisiya

Da sunan Allah nake yi muku sallama, 'yan uwana matan majalisarmu ta Rusaifa a nan Makka. Ni ce Ladi, matar marigayi Malam Isa. Kun san ni da faɗa. Yau ba faɗa na zo yi ba, na zo in shaida abin da Allah Ya cire mini daga zuciya.

Shekara arba'in da biyu muka yi da Malam. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama kusa da shi a gaban mutane ba. Ko ɗawafi muke yi, ina bayansa. Na ɗauka kunya ce, har ina hantarar yaran mata idan na ga sun jera da mazajensu a kasuwar Misfala.

Malam mutumin Yawuri ne, jirgin fito yake tuƙawa kafin ya zo Makka ya koma ɗinki. A Nakkasa muka haɗu, a kan dutse, inda ruwa sai na jarka. Bai taɓa cewa yana kewar kogi ba, amma ni na sani.

Autanmu Bashir yana shugul, wato aiki, a Italiya. Shi ya nema mana biza, ya kai mu wani gari da ake kira Finisiya. Garin nan ba titi, ba mota. Ka buɗe ƙofa, ruwa ne a bakin gidanka. Na ga Malam ya tsaya yana shaƙar iskar wurin kamar wanda ya iso gida.

Bashir ya tsayar mana da wani baƙin jirgi siriri. A tsakiyarsa akwai jar kujera ta mutum biyu, dab da dab. Mai jirgin ya nuna mu, ya nuna kujerar.

Na ce, "A gaban ɗana? Da tsufana? Ku je, ni zan riƙe jaka."

Malam ya ce, "Ladi, na yi fiton mutane ba iyaka, har da shanunsu. Ke kaɗai ban taɓa shiga jirgi da ke ba."

"To ka cika da ni ne ladanka zai ƙaru?"

Malam ya juya wajen jirgin. Ya shiga shi kaɗai, Bashir ya zauna can gaba. Na hau wata gada ina kallonsu. Malam ya takure a gefe ɗaya na kujerar, ya bar ɗaya gefen fili. Daga sama na ga yadda ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ni da ba abin da ke wuce idona, ban lura ba sai ranar.

Da la'asar a masauki na yi sallah, na kasa tashi daga dardumar. Na ce, "Ya Allah, idan abin nan kunya ce, Ka bar mini ita. Idan girman kai ne na lulluɓe da mayafi, Ka cire mini shi tun mutumin nan yana numfashi." Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Washegari na ce wa Bashir ya je ya nemi shayi, kada ya yi sauri. Na dubi Malam na ce, "Tashi mu je. Halas."

Na zauna a kujerar nan, kafaɗata na taɓa tasa. Ƙasa ba ta tsage ba, ba wanda ya ko dube mu. Malam sai surutu, yana kushe mai jirgin: "Dubi yadda yake riƙe filafili. A Yawuri ko akuya ba za a ba shi ya ƙetarar ba." Wani babban jirgi ya wuce, namu ya yi tangal-tangal, na cafke hannunsa.

Can ya ce, "Igiyar ruwan ta wuce, Ladi."

Na ce, "Na gani." Ban saki ba har muka iso gaɓa.

Bayan azumin shekarar Allah Ya karɓi abinsa, a mustashfa, wato asibiti, ina zaune a bakin gadonsa, likitoci na shiga suna fita. Ban matsa ba.

Kewarsa ba ta sake ni ba, kada in yi muku ƙarya. Wata rana ina wanke-wanke, ƙarar famfo kawai sai ta mayar da ni cikin jirgin nan. Amma kewa daban, nadama daban. Da na dawo daga garin nan ban zauna ba, da nadamar ce za ta kai ni kabari. Saura kwana ɗaya mu taso Allah Ya amsa mini. Alhamdu lillahi!

Ku dogara gare Shi, 'yan uwa, ku roƙe Shi ko a kan abin da kuke jin nauyin faɗa. Wadda nata yake da rai, idan ta koma gida yau, ta zauna kusa da shi. Ni ba zan hantare ta ba.