Ƙusa Ce Ta Kama Ta

A bencin shagon tela, wata dattijuwa riƙe da leda ta leƙa rigar sanyin da mutumin gefenta ya ɗora a cinya.

"Ɗana, wannan ai aikin asu ne. Kafur za ka zuba a akwati, ka riƙa shanya kaya a rana."

"Ba asu ba ne, Mama. Ƙusa ce ta kama ta."

"Ƙusar ce ta bi ta tana hudawa har cikin hammata?"

Mutumin ya yi dariya. "To, asu ne. Matata ce ta saƙa min da hannunta. Na ce mata a wurin aiki nake barinta, kullum tana jikina."

"Ai asu ba ya taɓa kayan da ake sawa. Wanda aka cusa ƙasan durowa aka manta yake bi."

"Ita ma ta san haka. Kuma yau ta ce in kawo ta wanke. Ke fa, Mama, me ke cikin ledar?"

Dattijuwar ta ƙara ƙulle bakin ledar.

"Mayafin da matar ɗana ta saya min ne. Gobe za ta zo."

"Asu ne?"

"Ƙusa ce."