Ranar da Autan Talatu Ya Dafa Ƙasa

Assalamu alaikum. Ina gaida wakilin Hakimi, da malamanmu limamai, da Sarkin Dambe da tawagarsa daga Gusau, da 'yan'uwanmu na Tsafe da suka yi sammako. Inna Talatu, mahaifiyar marigayi, da Jamila uwar 'ya'yansa, da dukkan mutanen Nahuce, Allah ya ba mu haƙuri.

Sunana Lawwali. Shekara ashirin ina alƙalancin dambe, kuma ni ne na tsaya a fage ranar da aka ɓata sunan Yusha'u Autan Talatu. Shi ya sa na roƙa a ba ni wannan magana.

Jama'a, ya kasance ɗan dambe! Ya kasance idan ya naɗe hannunsa da zare ya shigo fage, masu sayar da rake ma barin baro suke yi su zo kallo. Ya kasance idan ya kai mutum ƙasa, shi ne zai fara miƙa masa hannu, har ya kakkaɓe masa baya. Ya kasance mai ci kuma, Allah ya gafarta masa, Inna ce shaida.

To, shekara goma sha ɗaya ke nan, wani attajiri ya kewaye fadamar nan da waya, ya haɗa har da burtalin shanu. Manomi ba gona, makiyayi ba hanyar ruwa. A watan nan dai attajirin ya shirya gasa a Gusau, ya sa sabon babur ga wanda ya yi nasara. Yusha'u ya kai wasan ƙarshe, shi da Zakari na Tsafe, ga shi can zaune.

Yaran yanzu, ku ji dokar. A dambe, da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka, wasa ya ƙare. Turmi biyu Yusha'u yana wahalar da Zakari. A turmi na uku, ba wanda ya taɓa shi, sai ya juya ya fuskanci rumfar manya, ya durƙusa, ya dafa ƙasa da tafin hannunsa. Ya damƙo ƙasa ya ɗaga sama, ya ce, "Irin wagga ce aka amshe muna a Nahuce. Ba ni hawan babur ɗin wanda yat tashe mu."

Me muka yi? Yau in ka tambaya, kowa cewa yake ya tafa masa. Da duk masu cewa sun tafa sun tafa, da an ji mu har Bungudu. Ihu muka yi masa. Muka ce tsoro ne, muka ce ya sayar da wasa, muka ce ya kawo siyasa cikin nishaɗi. Aka hana shi shiga kowane fage, kuma da hannuna na sa hannu a takardar.

Bai yi mana gardama ba. Ya koma dakon buhunan masara a kasuwar Tsafe. Duk zaman kotu kan fadamar nan yana benci na gaba, manoma a damansa, Fulani a hagunsa, shekara shida bai gaji ba. Ranar da aka cire wayar, rawa ya yi a bakin burtali kamar ƙaramin yaro. Shinkafar da aka dafa mana yau, a fadamar aka noma ta!

Haka mutane muke da mai gaskiya. Yana tsaye mu jefe shi, ya kwanta mu yi ta yabo. Amma yabon baki ba ya goge takarda. Jamila, na san 'ya'yanki sun sha dawowa daga makaranta da kuka, an ce musu 'ya'yan matsoraci. Ki gaya musu, ni da nake taku biyu da shi na ga idonsa, babu ɗigon tsoro a ciki. Zakari da bakinsa ya ce a faɗa muku bai taɓa kashe Yusha'u ba, ba kuma wanda ya taɓa.

Shekaranjiya ƙungiyarmu ta zauna a Gusau, ta soke hukuncin nan, ba wanda ya ja. Ga takardar. Allahu Akbar! Ku tafa, jama'a, wannan karon da gaske.

Inna, saura ni. Sau uku ina ganinsa a tasha, sau uku ina tsallaka titi don kunya. Na ce sai gobe, har goben ta ƙare. Shi ba zan same shi ba, ke na samu. Ga ni na durƙusa a gabanki, ki yafe mini.

Na gode da sauraro. Allah ya jiƙan Yusha'u, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Allah ya ba mu ƙarfin tsaya wa mai gaskiya tun yana iya jin muryarmu. Mu yi masa Fatiha.