Hotonta a Jikin Bas

Ku yi min uzuri, ban taɓa rubuta labari ba. Abin da na ji ne a tashar bas ta garin Pleven, tsakanin wata tsohuwa da wata matashiya.

"'Yar nan, ba hotonki ne a jikin bas ba? 'Desislava ta tsira daga dukan miji, ta zama mai gyaran gashi.'"

"Ni ce, Inna. Malaman jami'a ne suka yi bincike, suka samo min sana'a."

"Sannunsu da ƙoƙari. Har sunan shagon suka rubuta. Mijin naki makaho ne?"

"Direban bas ne."

"To, ina za ki da wannan ƙatuwar jaka?"

"Inda ba a bincike."

Na rufe littafin da nake rubuta hirarsu a ciki, na sulale kafin su lura da ni.