Motar Gwandu na ruri a tsaye

Da sassafe a tashar Kalgo, Atiku masunci ya tsura wa motar Gwandu ido, tana ta ruri alhali ba kowa a gaban sitiyari. Direban na tsaye a gefe, ya gama sallamar wasu tsofaffi.

"Direba, wa ke taka mata mai?"

"Sanyi ne, malam. In ta ɗumama za ta lafa."

Atiku ya dafa murfin injin, ya fizge hannu. "Wannan ai ta isa gasa kifi."

"To, ni na ɗaure totur da igiya. In ta mutu, sai da turi take tashi. Hau mana, ƙato."

"Shi ya sa ka ce wa tsofaffin can babu wuri?" Atiku ya sauke kwandon kifinsa. "Ashe ba fasinja kake nema ba, ƙwanji kake zaɓe."