Babban Yatsa a Wuyan Hannu

Mai sayar da tambayoyin jarrabawar lasisin likita mai kisan kai ne, hannun wani kawai yake arowa. Irinsa ne, sanye da farar riga, ya zauna a bencin ofishin rajista kusa da wata ɗaliba mai haddace sunayen magunguna daga 'yan katunan da suka sha hannu har suka yi laushi.

"Ƙanwata, karo na nawa ke nan?"

"Na uku, Likita. In na sake faɗuwa, ba ni da fuskar komawa gida."

"To ajiye katunan nan. Tambayoyin ranar Asabar suna jakata. Ni ma da irinsu na tsallake."

Ta dubi jakar, dubawar ta daɗe fiye da yadda ta so. Sai ta miƙa masa hannu.

"Gabana sai faɗuwa yake. Taimaka ka duba mini bugun zuciya tukuna."

Ya danna babban yatsansa a wuyan hannunta, ya lumshe ido.

"Tsoro ne kawai. Maganinsa na jaka."

"Da babban yatsa, Likita? Tun ajin farko aka hana mu, don shi ma yana da nasa bugun. Tsoron da ka ji naka ne."

"Ke, ni sa'anki ne?"

"A'a, yaya. Ni sau biyu na faɗi, amma da guminna na faɗi. Kai ko ƙofar ajin ba ka taɓa gani ba."

Ta kira mai gadi, ta koma kan katunanta. A bakin ƙofa aka tuɓe masa farar rigar, kotu kuma ta ɗaure shi shekara uku.